Abin da Mma Ajara Ta Ji a Ɗakin Taro

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya nufe mu da ganin wannan rana cikin lafiya.

Shugaban wannan zama, kuma shugaban Ƙungiyar Haɗin Gwiwa, babanmu Alhaji Gariba Abdul-Rahaman. Malam liman da ya buɗe mana taro da addu'a. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan uwa da suka taso tun daga Thamesmead da Abbey Wood, suka hau bas suka sauka, suka shiga jirgin ƙasa suka fita, kafin su iso wannan zaure. Maƙwabtanmu na nan Tottenham da suka tako da ƙafa. Likitocinmu da ɗalibanmu, direbobinmu da masu shagunanmu. Mutanen Kumasi da na Tamale, mutanen Kano da na Jos. Musulminmu da Kiristanmu: assalamu alaikum, barkanmu da haɗuwa.

Ga waɗanda yau ne farkon zuwansu, sunana Saudatu Maharazu. 'Yar Funtuwa ce ni, ungozoma ce a wani asibiti a nan arewacin Landan, kuma ni ce sakatariyar wannan ƙungiya tun da aka kafa ta shekara biyar da suka wuce.

Ina godiya ga kwamitin da ya yi mana booking ɗin wannan zaure a wurin council, wato hukumar yankin nan, ina godiya ga iyayenmu mata da suka girka abincin da ƙamshinsa ke shigowa ta ƙofar baya. Ina kuma godiya gare ku duka, da kuka bar wa wannan magana yammacin Asabar ɗinku, wanda na san ga da yawa daga cikinmu shi kaɗai ne hutun mako.

Abin da ya tara mu a yau, cikin wannan wata na Nuwamba na shekarar 1996, ƙuri'a ce. Za mu yanke shawara kan hannun jarinmu na kamfanin Tarnbrook: mu riƙe ko mu sayar. An ɗora mini nauyin in gaya muku abin da ya faru daga farko, in kuma shimfiɗa muku ra'ayoyin 'yan uwa yadda suka faɗa, ba tare da na ƙara ko na rage ba. Zan yi haka cikin batutuwa uku, sannan akwai wata magana tawa ta kaina da zan roƙi izinin faɗa a ƙarshe.

Na farko, yadda muka shiga.

Tsofaffin 'yan ƙungiya za su tuna da ranar da ɗan uwanmu Dalyop, wanda ke gyaran kwamfutoci a ofisoshi, ya shigo mana da wani ɗan akwatin ƙarfe a cikin ledar kanti. Ya kwance shi a gabanmu, ya nuna mana wani faifai mai ƙyalli kamar madubi. Ya ce wannan shi ne hard disk, a cikinsa kwamfuta ke ajiye duk abin da aka rubuta mata, kuma nan da 'yan shekaru babu ofis, babu asibiti, babu makarantar da za ta iya aiki ba tare da shi ba. Alhaji Gariba ya yi masa tambaya ɗaya: masu yin wannan abu, suna sayar da giya ko suna caca? Dalyop ya ce ƙarfe da waya kawai suka sani. A kan haka muka amince, muka sa wani kaso mai tsoka na abin da muka tara a kamfanin da ke ƙera shi. Shekara biyu abin yana tafiya yadda muke so.

Sai a watan Fabrairun bana muka ga farashin yana zamewa. Yau ya sauka kaɗan, gobe ya ƙara sauka, babu sanarwa, babu labari a jarida. Na buga wa ofishin kamfanin waya har sau biyu a lokacin hutun cin abincina, aka ce mini ba su da abin faɗa. Kwana tara ana haka. A rana ta goma kamfanin ya fito ya ce zai yi garambawul: zai rufe masana'antarsa da ke Wales, zai sallami ma'aikata masu yawa, zai daina yin manyan faifai ya koma ƙanana. Kafin la'asar farashin ya faɗi warwas. Amma manyan masu jari ba su ji ciwon faɗuwar kamar yadda muka ji ba, domin su sun riga sun fita tun cikin kwanakin nan tara. Mu muka tsaya muna tambayar juna: ta yaya suka sani?

Amsar tana zaune a cikin wannan zaure. Ga ta can a layi na uku, ta sunkuyar da kai.

Mma Ajara, uwarmu 'yar Kumasi, duk kun san ta. Shekara goma sha ɗaya tana fita daga Thamesmead da sassafe, tana aikin kai shayi a ɗakunan taro na wani otal a City, unguwar manyan bankuna, ta hannun agency, wato kamfanin da ke tura ma'aikata. Wata Talata da safe cikin Fabrairun nan, dab da farashin zai fara zamewa, aka tura ta wani ɗaki. A jikin ƙofa ta ga sunan Tarnbrook, ta gane shi, domin ta sha ganinsa a takardun da nake rabawa. A ciki akwai maza wajen ashirin da kwat, manyan dillalai da masu nazarin kasuwa. Tana zuba shayi ana nuna hoton masana'anta a bango, ta ji kalmar rufewa, ta ji an ambaci Wales, ta ji an ce sai mako mai zuwa za a sanar da jama'a. Daga nan aka ce ta fita, aka rufe ƙofa. Da aka tashi, ta ga mutanen nan sun watsu a baranda, kowa ya manna waya a kunne.

Asabar ɗin wannan mako muna da zama. Mma Ajara ta zo, ta zauna, ta ji muna ta kokawa kan farashin da ke sauka, ba ta ce komai ba. Sai bayan sanarwa ta fito, bayan abin da zai faru ya faru, ta same ni a tashar bas ta Seven Sisters ta gaya mini duk abin da ta gani.

Ba zan ɓoye muku yadda na karɓi maganar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata, “Mma, kin ji da kunnenki, kin zauna a cikinmu, kika bari guminmu ya tafi? Har da naki a ciki.”

Ta bari na gama, sannan ta ce, “Sista, in na faɗa maku, me za ku yi?”

Na ce, “Mu sayar mana.”

Ta ce, “Ku sayar ma wa? Dole wani ya saya. Wanda zai saya, bai ji maganan da na ji ba. Shi ma yana da yara, shi ma yana biyan rent. Abin da mutanen nan suka yi ma mu, shi kike so mu yi ma wani?”

Bas ɗina ya zo, na shiga ban yi mata sallama ba. Na kuma kai maganar gaban kwamiti da zafina. Makonni da dama wasu a cikinmu ba sa amsa mata gaisuwa da daɗi. Dalyop ne kaɗai ya tsaya mata tun farko, ya ce ban da zalunci, dokar ƙasar nan ma ba ta yarda mutum ya yi ciniki da labarin sirri irin wannan ba, kuma da mun sayar, da mun jefa kanmu da ita cikin matsala. Mun ji shi, amma zuciya ba ta huce ba.

Na biyu, abin da ya faru a babban taron shekara.

A watan Mayu kamfanin ya kira taron masu hannun jari. Mu huɗu muka je da sunan ƙungiya: Alhaji Gariba, wanda ya rufe shagon namansa na West Green Road ranar aiki, abin da bai taɓa yi ba in ba Sallah ba, Dalyop, ni, da Mma Ajara. Ita ta ce za ta je. Mun gaya mata cewa idan ta buɗe baki a wurin, mai yiwuwa agency su daina kiran ta aiki. Ta ce ta sani.

Kafin a fara, muna tsaye wajen teburin shayi, muka faɗa hira da wani dattijo Bature mai suna Mista Pryce. Ya taso daga Wales tun asuba a mota. Shekara goma sha tara yana aiki a masana'antar da za a rufe. Ya ce a rediyon motarsa ya ji labarin rufewar, yana kan hanyar zuwa aiki. Sannan ya faɗi abin da har yau yake damuna. Ya ce a cikin kwanakin nan tara, da ya ga farashi ya sauka, sai ya ɗauki abin da shi da matarsa suka ajiye ya ƙara sayen hannun jari, domin ya yarda da kamfaninsa, ya ɗauka araha ce ta zo masa.

Jama'a, na juya na dubi Mma Ajara. Ba ta dube ni ba, tana gyara mayafinta. A lokacin na gane wanda take nufi a tashar bas. Da mun sayar, irin wannan bawan Allah za mu sayar wa.

Da aka zo lokacin tambayoyi, Dalyop ya tashi ya tambayi shugaban kamfanin ko an sanar da wasu labarin garambawul kafin sauran jama'a. Shugaban ya amsa da ladabi, da kalmomi masu santsi. Ya ce kamfani yakan gana da masana lokaci zuwa lokaci, ba ya kuma tuna wata ganawa da aka faɗi wani abu na musamman.

Sai Mma Ajara ta miƙe. Aka miƙo mata makirfo. Ta yi magana da Turancinta, ni kuma zan mayar muku da Hausa yadda na ji. Ta faɗi sunanta, ta ce ita mai ƙaramin hannun jari ce. Ta faɗi ranar, ta faɗi ɗakin. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ina wurin. Ni na zuba maka shayi, ka ce kada in sa sukari.”

Wasu suka fara dariya, dariyar ta mutu nan take. Ta ci gaba. Ta ce ba ta zo neman a mayar mata da abin da ta rasa ba, domin ta san kasuwa hawa ce da sauka. Ta ce ba ta kuma zo ta koya musu yadda ake gudanar da kamfani ba. Ta ce, “Abu ɗaya na zo tambaya. Takardan da ke hannuna da takardan da ke hannun mutanen nan ashirin, iri ɗaya ne ko ba iri ɗaya ba? In iri ɗaya ne, me ya sa su aka gaya masu Talata, ni aka bar ni sai wani mako?”

Ta zauna. Shugaban ya juya yana magana ƙasa-ƙasa da na kusa da shi. Kafin ya amsa, Mista Pryce ya tashi ya ce yana son amsar wannan tambaya. Wata tsohuwa daga baya ta ce ita ma. Sannan wani mutum daga layin gaba, wanda ya ce yana wakiltar asusun fansho na wasu ma'aikata, ya ce su ba a gayyace su wancan ɗaki ba, kuma idan ba a ba wannan baiwar Allah amsa ba, za su sake tunani kan ƙuri'arsu. Daga ƙarshe shugaban ya ce zai mayar da maganar gaban hukumar gudanarwa, za a kuma rubuto wa kowa. Muka fito ba mu san ko alkawari ne ko hanyar sallamar mu ba.

Bayan mako shida wasiƙa ta zo, ga ta a hannuna, duk mai so zai iya dubawa bayan taro. Kamfanin bai ce ya yi laifi ba. Abin da ya ce shi ne ganawar Fabrairu ba ta dace da yadda yake so a san shi ba. Ya kuma ɗauki alkawura: duk labarin da zai iya taɓa farashi za a fara kai shi kasuwar hannun jari kowa ya gani, duk takardar da aka raba wa dillalai za a aika wa duk mai hannun jarin da ya nema a rana ɗaya, za a kuma riƙa naɗar duk ganawa da dillalai, a ba da lambar waya da kowa zai buga ya saurara.

A watan Satumba muka gwada su. Sun fitar da sakamakon rabin shekara, labarin kuma ba mai daɗi ba ne, domin garambawul ɗin ya ci fiye da yadda suka zata. Amma da ƙarfe bakwai da rabi na safe aka sanar, kowa ya ji tare. Dalyop ya buga lambar, ya saurari tambayoyin manyan dillalai da amsoshin da aka ba su daga farko har ƙarshe, yana zaune a cikin motarsa. A aikina na ungozoma na sha kai wa iyali labarin da ba su so ji ba, na kuma lura mutane suna iya ɗaukar mugun labari, abin da ba sa yafewa shi ne su gano an gaya wa wani an ɓoye musu. A Satumba ba a ɓoye mana ba.

Na uku, ra'ayoyin da ke gabanku.

Alhaji Gariba yana ganin mu sayar. Ya ce ba asarar ce ta dame shi ba. Ya ce shekara talatin yana ciniki, kuma idan mai kawo masa kaya ya yi masa rufa-rufa, ko ya gyara daga baya, hankalinsa ba ya ƙara kwanciya da shi. Ya ce mutanen da suka rufe ƙofa a Fabrairu, yawancinsu su ne har yanzu a kan kujeru, kuma ba don ransu ya so suka sauya ba, kunya ce ta kama su a bainar jama'a. Wannan magana ce ta babba, ina roƙon ku auna ta da kyau.

Dalyop yana ganin mu riƙe. Ya ce garambawul ɗin ya zama dole, an ma makara. Manyan faifan da ake yi a Wales babu mai nemansu yanzu, kasuwa ta koma kan ƙananan da ake sa wa a kwamfutar da ake ɗauka a jaka, kuma ya buɗe sabon faifan Tarnbrook da hannunsa ya ga aikin yana da kyau. Ya ce idan muka sayar yau, mun sha ɗacin gyaran mun bar wa wasu amfaninsa. Ya kuma ce bai yi mana alkawarin riba ba, domin masu yin wannan kaya suna da yawa, gasar kuma ba ta da sauƙi.

Akwai ra'ayi na uku daga ɓangaren iyayenmu mata, suka ce in faɗa a madadinsu. Sun ce ko mun riƙe ko mun sayar, kada mu manta cewa gyaran da zai iya ɗaga farashinmu shi ne ya raba Mista Pryce da abokan aikinsa da abincinsu. Sun ce idan za mu zauna a cikin kamfanin, mu zauna da baki: kowace shekara mu je taro, mu tambayi abin da aka yi wa waɗanda aka sallama, mu tambayi yadda ake riƙe waɗanda aka ɗauka a sabon wuri.

Ni ba zan gaya muku inda za ku sa hannu ba. Abin da zan ce shi ne, yau za mu yi zaɓi da ido buɗe. Abin da babban dillali a City ya sani game da wannan kamfani, shi ne a kan teburin nan namu. Shekara ɗaya da ta wuce ba haka abin yake ba. Mun daɗe muna ɗaukar kanmu baƙi a wannan kasuwa, masu ɗan abin da bai kai a saurare su ba. Mun je, mun tambaya, an kuma amsa. 'Ya'yanmu da ke zaune can baya, waɗanda idan mun yi musu Hausa suke mayar mana da Turanci, ina so su ji wannan da kowane harshe: wanda ya sa guminsa a wuri yana da ikon ya tashi ya yi tambaya a wurin.

Yanzu, da izinin shugaba, maganata ta kaina.

Abin da muka ji wa Mma Ajara tsoro ya faru. Tun daga watan Mayu agency ba su ƙara kiran ta ba. Ba su kore ta ba, sun dai yi shiru. Wata uku tana zaune a flat ba aiki, ba ta zo ta gaya wa kowa a cikinmu ba. Yanzu tana aiki a kicin ɗin wata makaranta a Abbey Wood. Albashin bai kai na da ba. Da na je duba ta na tambaye ta ko tana nadama, ta ce, “Sista, yanzu ina kai jikokina makaranta kafin in tafi aiki. Zauna ki ci abinci.”

Na ci abincin, amma ban iya faɗin abin da ya kai ni ba. A gaban kwamiti na zarge ta, saboda haka a gaban jama'a ya kamata in gyara. Mma Ajara, ina roƙon ki ɗago kanki. Na yi miki zafin baki a kan titi, ke da kika isa ki haife ni. Na juya miki baya ban yi sallama ba. Na kai ƙararki ina ganin ni ce mai karatu, ashe ke kika fi ni sanin abin da ya dace. Kin rasa abin da muka rasa, kin ƙara da aikinki, ba ki taɓa yi mana gori ba. Ki yafe mini, Mma.

Allah ya saka miki da mafificin abin da kika bari. Allah ya buɗa wa Mista Pryce da duk waɗanda suka rasa aikinsu wata ƙofar. Allah ya shiryi masu riƙe da amanar dukiyar jama'a, manya da ƙanana. Ya sa albarka a ɗan abin da muke tarawa, ya raba shi da haƙƙin wani. Duk yadda ƙuri'ar yau ta kaya, Allah ya sa mu fita daga wannan zaure muna 'yan uwa kamar yadda muka shigo. Ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, na mayar maka da taro. Na gode.